Layin da ke Wuyan Kwalba

Baba ne mai haɗa sinadarai a ɗakin gwaji na wata sakandare a Jos. Ina aji shida na firamare, wata rana da aka tashi na biya wurinsa don mu koma gida unguwar Rikkos tare. Na same shi yana haɗa ruwan soda na gwajin ɗalibai. Ya auna farin garin sodar a sikeli, ya narkar, ya juye a kwalba mai dogon wuya da siririn layi. Ya ce sai ruwan ya tsaya cif a kan layin, sannan ƙarfinsa zai kai daidai awon da suke kira nomal ɗaya.

Na ce, "Baba, bari in ƙarasa cikawa."

Ya miƙo min abin ɗiga ruwa. Na durƙusa, idona daidai da layin, yadda na ga yana yi. Ina cikin ɗigawa, ruwan ya ɗan haura layin.

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki kwalbar ya tuttular da ita kaf a magudana. Har yau ina jin ƙarar ruwan nan yana tafiya.

Ya ce, "Wannan ba miya ba ce, in ya wuce layi ba ya gyaruwa. Gobe ki turo min ƙaninki."

Yanzu da wannan aikin nake cin abinci. Kwanan nan na ji shi yana gaya wa baƙi, "Ai ni na koya mata."

Gaskiyarsa. Tun ranar da ya zubar da ruwan nan ban sake roƙonsa komai ba.