Layin da Mai Duba Ya Ƙi

Tun da aka kafa dokar, ba umarnin da na'ura za ta bi sai Mai Duba, wata manhajar kwamfuta, ya karance shi tsaf kafin a kunna. Kowane abu da nau'insa, ba ya yarda a sa wani a gurbin wani.

Kuluwa ta shekara goma tana rubuta wa na'urar haɗa magani umarni a asibitin garinsu, bai taɓa dawo mata da aiki ba. Ran Talata da hantsi ta kwafo layukan umarnin bara, ta nemi maganin ciwon kan da ta saba sha. Allo ya yi ja. Ta sake turawa, ya sake yin ja.

"Baba Ilu," ta kira tsohon mai ba da magani, "abin nan ya fara gigin tsufa. Ni zai koya wa aikina?"

Ya gyara tabarau ya karanta a hankali: "Layi na bakwai. Wannan magani ba ya karɓar nau'in Mai Juna Biyu."

"Ai sunana na sa a layin!"

"Na gani, 'yata."

Kuluwa ta sake karanta layin. Shekara goma sha ɗaya da aure ba haihuwa, tuntuni ta daina ƙirga kwanaki. Ba a ɗebi jininta ba, ba wanda ya auna ta.

"Ikon Allah," in ji Baba Ilu, muryarsa can ƙasa.

Kuluwa ta dafa mararta. Da ɗaya hannun ta goge sunan maganin. Allo ya yi kore.