Jan Fenti a Jikin Gawo

An yi wata mata a wani ƙauye can arewa, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana saran itace tana kaiwa kasuwa. Da hannunta aka cinye dajin garinsu, ita ma ba ta musun haka. Shekarar da iskar farkon damina ta binne mata shukar gero har sau uku, sai ta lura gonar maƙwabcinta mai gawo biyu ce kaɗai ta tsira. Daga ranar ta jingine gatari. Ta koma tsintar irin gawo a cikin kashin awaki, don ta gane wanda ya bi ta cikin akuya ya fi saurin tsirowa, tana binnewa a filin makarantar garin, tana kewaye kowane tsiro da ƙaya. Shekara goma sha tara tana wannan wahala, gawo goma sha huɗu suka tashi. A ƙarƙashinsu take zaunar da matan gari da 'yan makaranta, tana nuna musu yadda ake sassabe a bar tsiro, da yadda ake rage reshe ba a kashe uwar ba. Ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma da farce take kankarar ɓawo ta faɗa maka lafiyar itace.

Ana nan sai wata ƙungiya ta zo neman wanda zai riƙa koya wa mutane kiyaye muhalli. Matar nan ta ɗauro zanenta na fita unguwa ta je makarantar, inda suka sauka. Aka ce ina takardar shaidarta. Ta nuna musu bishiyoyin ta taga. Suka yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi, suka ce ta gaida gida. Aikin kuwa aka ba wani saurayi, ƙanin matar wani babba, wanda harkar kasuwanci ya karanta, aka haɗa masa da bitar sati biyu a otal. Haihuwar birni ba laifi ba ce, kowa da inda Allah ya ajiye shi. Laifin shi ne a tura ka koyar da abin da ba ka taɓa durƙusawa ka duba ba, kai kuma girman kai ya hana ka tambaya.

A tsakiyar damina ya iso, ko'ina shar. Shi kuwa gawo halinsa daban ne da na sauran itatuwa: da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, ganyen ya zama taki, rana ta samu gero, sai an janye ruwa ya sake tufafi. Akuyar garin ma ta san wannan. Saurayin nan ya ga itatuwa goma sha huɗu ba ganye, ya ce matattu ne, sun tare wuri, za a kwashe su a dasa na zamani. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu jan fenti. Da labari ya kai wa matar, ta baro tuwo a kan wuta ta zo ko takalmi babu.

"Ɗan nan, don Allah kankari ɓawon nan da farcenka ka gani. Ɗanye ne, barci yake yi."

"Iya, itace ba ya barci. Wannan fa aikin ilimi ne, ki je ki huta."

Abin da ya fi ci mata rai, masu gatarin da ya ɗauka 'yan garin ne, wasu a gabanta suka girma, a inuwar gawon nan suka yi wasa. Sun sani sarai. Amma wannan yana hangen turmin da zai sassaƙa, wancan yana tsoron a ce ya ja da ɗan manya, kowa ya sunkuyar da kai. Tana tsaye aka kayar da goma sha ɗaya, kowanne sara ya shiga sai ta ga farin jikinsa jiƙe da ruwa. Da aka zo kan ukun ƙarshe ta shimfiɗa mayafinta ta zauna a gindin na tsakiya, ta ce su haɗa da ita. Kunya ce ta sa aka bar su. Washegari aka dasa 'yan itatuwa ɗari biyu cikin baƙar leda, aka ɗauki hoto, aka tafa.

Da kaka ta yi, ukun nan suka yi ganye luf, jan fentin yana nan a jikinsu kamar tabon wuƙa. Kafin rani ya raba, 'yan dashen ba wanda ya rage: awaki sun ci rabi, ƙishirwa ta ƙarasa sauran. Iska ta dawo tana watsa rairayi har cikin aji, yara suna karatu suna murza ido. Saurayin an ƙara masa girma an mai da shi birni, don hotunan sun yi kyau. Wata rana ya biyo da baƙi a mota, zafi ya dame su, suka raɓe a inuwar gawon da ya ce ya mutu, yana yi musu bayanin amfanin bishiya. Matar tana gefe a durƙushe tana tonon kashin awaki, ga shekaru sun ja, ba ta san ko za ta ga inuwar wanda za ta binne yau ba. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Irin waɗannan ake turo wa 'ya'yanmu, mu kuma mu yi shiru don sun zo da takarda. Da rana tsaka mutum ya tsaya gaban itace mai rai bai gan shi ba. Gaskiyar masu iya magana da suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.