Zoben da Aka Hana Yankawa

Maƙeran farfaru, masu ƙera zobba da awarwaro, suna da wata magana, wai ƙarfe ba ya ɓoye wa zarto launinsa. Azurfa ko ta dafe ta yi baƙi, ka karce ta za ka tarar da fari fat. Zinari kuwa har cikin cikinsa ruwan ɗorawa ne. To, ga misalin wani tela. Lokacin neman aure ya cika baki a gaban surukai cewa zoben zinari zai sa wa amaryarsa. Da ya shiga kasuwa ya ji tsadar abin, sai ya ga ya fi ƙarfinsa. Wani maƙeri ya ja shi gefe, ya ƙera masa na jan ƙarfe, ya tsoma shi a ruwan zinari, zobe ya fito yana ɗaukar ido. Shekara tara yana yatsan matar. Duk gabannin Sallah telan yakan karɓa ya ce zai kai wanki, a sake tsoma shi kafin jan ya leƙo. Ita kuwa baiwar Allah, ko tuƙa tuwo za ta yi sai ta juya kan zoben cikin tafi don kada ya karce. In ƙannenta sun kawo ƙarar mazajensu takan ɗaga hannu ta ce su dubi abin da namiji ke yi in yana son mace.

Wata rana tana gyaran kifi ƙaya ta soke ta a wannan yatsan. Kafin la'asar ya kumbura, zoben ya nutse cikin nama. Aka gwada sabulu, aka gwada man shanu, aka naɗa zare, ko gezau. Washegari yayanta ya zo da wani tsohon maƙeri riƙe da ɗan zarto, mata sun cika tsakar gida. Tsohon ya dubi yatsan ya ce wa telan, "Yaro, kawo hannun iyalinka. Zobe ai ana liƙe shi, yatsa ne ba a liƙewa." Telan ya san goga biyu kawai zarton nan zai yi jan ya bayyana, a gaban suruki, a gaban matan unguwa, uwa uba a gaban idonta. Sai ya tare ya ce, "Haba Baba, zinari ne fa! Kumburi ne, gobe zai saɓe." Matar ma, tana cije leɓe don zafi, ta goyi bayansa: "Yaya, ku bar shi. Malam ya sha wuya kafin ya saya." Tsohon ya mayar da zartonsa aljihu, ya sa takalmi, ya fita.

Kumburi bai saɓe ba. Telan yana zaune a kan keken ɗinki yana taka shi babu zare, yana ta shirya yadda zai faɗa mata, in ya shigo gida ya ga fuskarta sai ya fasa. Shi kuwa yatsa yana ta sauya kama: daga ja ya koma shuɗi-shuɗi, ran kwana na huɗu ya yi baƙi kamar gawayi, ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ta. Yayan bai sake neman izinin kowa ba, ya sa ta a mota sai asibiti. Can wata ma'aikaciyar jinya ta ɗauko ɗan almakashin ƙarfe, ƙas, ta datse zoben kafin a ce kwabo. Amma an makara. Likita ya cire yatsan, ya haɗa da na kusa da shi, don ruɓar ta riga ta kama.

Da ta farfaɗo aka zuba mata gutsattsarin zoben a tafin hannunta mai lafiya, don kada dukiyarta ta ɓata. Ta juya su a hankali. Bakin yankan ja wur, irin jan wayar lantarki, ruwan ɗorawar bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta dubi mijin da ke rakuɓe a bakin gado, ta ce, "Malam, da ka faɗa mini tun farko, wallahi ko na gwangwani ne da na sa." Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da aka sallame ta, gidan yayanta ta ce a wuce da ita.

Shekara tara telan yana haƙa yana shiga, yana zaton akwai mafita a gaba. Hausawa kuwa sun riga sun faɗa: ramin ƙarya ƙurarre ne.