Batirin Tela a Zauren Kawu

Ka ce nauyin wanda ka ba aro kake ji, shi ya sa ka kasa tambayarsa kayanka. To, gyara zama ka ji abin da jin nauyi ya yi wa wani tela.

Shagonsa a ƙarƙashin ƙasa yake, a gindin wani bene na kasuwa, sai an sauka matakala ake isa. Wuri ne mai sanyi, amma duk ruwan da aka yi a sama hanyarsa yake nema. Saboda haka aka haƙa ɗan rami a kusurwa, aka sa injin da ke zuƙe ruwan yana watsarwa waje. To amma ka san halin wutarmu, hadari na haɗowa ake ɗauke ta, wato injin yakan mutu daidai lokacin da ake nemansa. Telan ba wawa ba ne. Ya sa aka haɗa masa na biyu mai aiki da batir, da ɗan ƙwallon roba wanda in ruwa ya ɗaga shi sai injin ya tashi da kansa. Kuma yana kula da abinsa. Yakan goge kan batirin, ya duba ruwansa, ya zare wayar babban injin ya juye bokiti a ramin, ya tsaya har ya ji ƙaramin ya yi gurnani, sannan hankalinsa ya kwanta. Damina ta zo ta wuce, ko zare bai jiƙe masa ba.

Ana nan cikin zafin bazara, sai ga kawun matarsa, wanda ya yi mata walicci ya ba shi ita. Ya sauko gaisawa, idonsa ya faɗa kan batirin. Ya ce ai abin nan zaman banza yake yi tunda ba ruwa ake ba, a ara masa ya ɗan juya fanka a zaure kafin zafi ya lafa. Telan ya sunkuyar da kai, ya kwance wayoyin da hannunsa, har mota ya kai masa, haɗe da abin cajinsa. Ban ga laifinsa a nan ba, aro halal ne. Inda raina yake ɓaci shi ne abin da ya biyo baya. Zafi ya lafa, batir bai dawo ba. Aka yi ruwan fari, manoma suka yi shuka, shiru. Ga Sallah ta matso, mutane sai sauko da ɗinki suke, shadda da atamfa da leshi jibge a ƙasa har sun kusa kai ƙugu. Akwai farar shaddar wani ango, akwai yadin da wata gwauruwa ta yi wata da watanni tana tattali don marayunta. Ba ƙyalle ɗaya a ciki da yake nasa.

Ya sha shirya magana a hanya, ya tafi gidan kawun. Sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya zauna ƙarƙashin fankar da batirinsa ke juyawa, a gaisa, a tambayi yara, a yi zancen shuka. Dattijon ya miƙe ƙafa ya ce, “Ka ji iska, ɗana? Allah ya yi maka albarka.” Shi kuwa ya ce amin, ya tashi da maganarsa a ciki. Matarsa ta ce ya bari ita ta je ta karɓo, ya hana, wai kada a ce ya yi wa surukai rowa. Kai jama’a! Mutumin da yake jin tsawa da kunnensa, ya san sarai don me aka sayi abin nan, bai ji kunyar riƙewa ba, kai ne za ka ji kunyar tambaya?

Wata Juma’a, kasuwa a rufe, mutane na masallaci, hadari ya taso baƙi ƙirin. Kafin a idar da huɗuba an ɗauke wuta. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A can ƙasa ƙwallon robar ya ɗaga yadda aka koya masa, amma wayoyi biyu ne kawai ke reto babu abin da suka kama. Ko da telan ya iso da gudu, ruwan kwata ya haɗiye rabin matakala. Kekunan ɗinki sun nutse, rinin atamfa ya zuba ya bi farar shaddar angon. Gwauruwar da ta zo ba ta zage shi ba. Ta ɗaga yadinta yana ɗigar baƙin ruwa, ta dube shi, ta ce, “Me zan ce wa yaran?” Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Washegari kawu ya zo jaje cikin babbar riga. Ya tsaya daga saman matakala don kada ya ɓata takalmi, ya ce Allah ya mayar da alheri, amma shi ma yaron da sakaci, ai da ya yi magana. Har ya juya zai tafi, sai ya waiwayo ya ce batirin nan fa ya fara sanyi, ba ya kai fanka la’asar, in an samu sarari a aiko a duba.

Don haka tashi yanzu ka je ka karɓo kayanka, ka gaishe shi da ladabi, amma kada ka fito hannu rabbana. Masu iya magana sun riga sun gama ta: kunyar mara kunya asara ce.