Nonon da Ya Shiga Zawiya

Shekarar da fari ya ƙarar mana da shanu, saniya ɗaya ce ta rage mai ba da nono. Wata Juma'a Baba ya ɗora mini ƙwaryar nononta a ka, muka tako daga rugarmu ta hanyar Sule Tankarkar har Gumel. Wuridi zai karɓa a hannun wani muƙaddami, ya shiga ɗariƙa.

A ƙofar zawiyar wani mai farar riga ya tare mu. Ya dubi fason ƙafar Baba, ya yatsine fuska.

"Bafillace, me ke tafe da kai?"

"Allah gafarta Malam, muridi nake so in zama."

"Ka san ma'anarsa? Ka iya rubuta shi a allo?"

Baba ya ce, "Ban iya ba. An dai ce mini mai nema ne, ni kuwa nema ya fito da ni."

Mutanen zaure suka kwashe da dariya. Aka ce ya je ya yi karatu tukuna, ko iso ba a yi masa ba. Amma mai farar rigar ya sauke ƙwaryar daga kaina, ya shige da ita.

Muna tsaye cikin rana aka miƙo mana ita, an shanye tas. Ƙannena uku kuwa a gida, a ranar nan da ruwa aka dama musu fura.

Har Baba ya rasu bai sake ta da maganar ba. Ni ce na kasa haɗiyewa. Har yau in na ji ƙamshin ƙwaryar nono sai raina ya ɓaci. Nonon nan fa, ba wanda ya tambaye shi ko ya iya rubutu.