Baƙon da Baba ya kawo daga Juma'a

Tun da ludayi ya suɓuce wa Umma na san ba lafiya. Ina 'yar shekara tara, muna zaune a unguwar Taman Melati a ƙasar waje, Baba yana karatu. Al'adarsa ce, duk Bahaushen da ya tsinta a masallacin Juma'a sai ya kawo shi gida cin tuwo. Ranar wani dattijo ya kawo, yana ta ƙamshin miski.

Daga kicin muna jin sa yana yabon tsohon shugaban ƙasarmu da ya yi wa aiki. "Malam, a zamanin maigida an ga tsari. Duk wanda muka ɗauke, da laifinsa."

Umma ta damƙe hannuna. "Muryar nan ce ta yi sallama ranar da aka tafi da kakanki, bai dawo ba. Ke da kakan naki kamarku ɗaya. Kada ya ga fuskarki."

Sai dattijon ya ɗaga murya: "Ina 'yar gidan? Ba za a zo a gaida kaka ba?"

Wai kaka! Umma ta tura ni bayan injin wanki, ta tsaya da wuƙar albasa a hannu. Baba ya leƙo kirana, ya ga wuƙar, ta raɗa masa magana.

Har yau in na ji ƙamshin miski a jirgin ƙasa, sai in sauya wurin zama. Masu yabon shugaban nan su yi ta yi. Ni ban yafe ba, Allah ya isa, shi da yaransa.

Da la'asar Baba ya dawo daga raka baƙon. "Fito, Mamana, ya tafi. Ba zai ƙara taka gidan nan ba."

Umma ta ɗauki kwanon da baƙon ya ci a ciki, ta jefa a shara.