Sunan Ɗana a Rajistarku

Kai ka hana ɗana kwanciya cikin kabarinshi, mai kamfani, kuma gaban ma'aikatanka nika faɗa maka.

Shi ya ja muku wayoyin intanet daga Madawa har Bangi. Kuka sa sunanshi da lambarshi a rajistar da duniya duka ke dubawa, wai in an yi ɓarna da layinku shi za a kira. To, ya rasu tun kakar bara, da hannuna na rufe mishi ido. Salularshi na ɗaure a bakin zanena, kuma ba ta bar kuka ba. Baƙi na ta zagina da Faransanci, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba. Jiya jandarma ya tsaya ƙofar gidana, ya ce an cuci mutane da layinku, ɗana ya zo ya amsa, in bai zo ba da mai riƙe da wayar za a tafi. Tun sannan ko babur ya wuce sai in leƙa waje in ga ko shi ne.

Na tako wanga biro, ofishin naka, na ce a goge sunan. Sakatariyarka ta duba ordinata, kwamfutar nan tata, sannan ta ce, "Inna, ai satin da ya wuce mai sunan ya shiga da lambar sirrinshi, ya tabbatar yana nan."

Yana nan ina? Ni na san inda yake.

Ba ni tashi daga wagga kujera. Fiddo mini wanda ke yawo da sunan mamacina, shi ya tafi gaban jandarma.